Gululun da Ba Ya Gajiya

'Yan'uwana mata, ku matso kusa, don abin da ke cina yau ba na faɗa da ƙarfi ba ne. Sunana Zinariya. Marainiya ce ni, a hannun Baffa Lado ƙanen mahaifina na tashi, a nan Garu cikin Dutse, gidan nan da ya jingina da dutse, mai dabino a bakin zaure. Ba yabon kai ba, duk unguwarmu babu yarinyar da ta kai ni iya kaɗi. In masaƙa suka ga zarena a kwandon Larai dillaliya, ba sa ma tambayar na wace ce. To ni ɗin nan da na san mazari kamar yunwar cikina, wai ni mazari ya hana sukuni.

Mai nemana sunansa Mika'ilu, mutumin Kiyawa, uwarsa maginiyar tukwane ce. Ya yi shekaru yana ɗaukar kayan wani Bature mai yawon awon gonaki, har Kano ya zauna, bara ya dawo gida. Da manyansa suka zo gaisuwa, Baffa cewa ya yi, “Ban hana ba, ban kuma bayar ba. Yarinya ta duba, ni ma in duba.” Amma Gwaggo Fatsuma, yayar Baffa da ke zaune tare da mu, tun ranar ta kafa masa ƙahon zuƙa.

“Wanda ya daɗe a gindin Nasara,” in ji ta, “ba ya dawowa da hannu biyu kawai. Akwai na uku a cikin riga.”

Ni kuwa gaskiya da fari ko a jikina. Dogo ne siriri, kullum cikin 'yar shara fara da hula haɓar-kada, ga shi bai iya zance ba. Sai ya zo ya zauna a dakalin zaure ya yi ta kallon yatsun ƙafarsa kamar mai jiran hukunci. Samarin ƙawayena goro suke kawowa, da turare, da tsakiya ta wuya. Ranar da nawa gwanin ya tashi yin toshi, na ci kwalliya, na ɗaura saƙina mai baƙi da fari, na zizara kwalli, ga sabon lalle har idon sawu. Sai ya zaro wani abu a tsumma ya miƙo mini da hannu biyu.

Mazari ne. Mazari fa, jama'a, kamar ya zo wajen kakarsa!

“Na ji an ce ke gwana ce,” ya ce. “Ni na gina gululun da hannuna. Ki gwada.”

Na yi godiya a baki, a zuci kuwa na ce, Allah ya isa tsakanina da lallen da na ɓata.

Kun dai san gululu, dunƙulen yumɓun nan da ake sakawa a gindin mazari don ya ba shi nauyi. Namu na gado kamar ƙwallon goruba yake, a dunƙule. Wannan kuwa faffaɗa ne kamar ƙaramar waina, tsakiyarsa siririya, bakinsa mai kauri, an shafe shi da jar ƙasa an zana masa farin zobe. Da na auna shi a tafin hannu sai na ji ya fi girmansa nauyi. Ban kawo komai a raina ba a lokacin.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na shafa alli a yatsu, na ɗora tsinin mazarin a cikin sakainar da nake kaɗi, na murza. Wallahi sai da na ɗaga kai na duba ko wani ne ke taya ni. Tsohon mazarina in na murza, kafin in ja zare kamu guda ya fara rangaji. Wannan kuwa na ja zare har hannuna ya miƙe, na dawo, yana nan yana juyi, shiru, babu ko karkarwa, har farin zoben ya zama kamar an zana shi a iska. Na saki zaren gaba ɗaya don in gani. Ya tsaya da ƙafarsa shi kaɗai a cikin sakaina, babu mai riƙe da shi.

Na sa yatsa na ɗan ture kansa. Maimakon ya faɗi inda na tura shi, sai ya goce gefe, ya ci gaba da juyinsa a karkace. Kan nan nasa ya shiga zagayawa a hankali, ya nuna ɗakin Gwaggo, ya nuna madafa, ya nuna turmi, ya dawo kaina.

“Ke! Mene ne wannan?”

Ashe Gwaggo na tsaye a bayana da ƙwaryar tsaki. Ta ajiye ƙwaryar, ta tsuguna, ta ƙura masa ido har ya gaji don kansa ya kwanta.

“Leƙen gida yake yi,” ta ce da ƙaramar murya. “Kin ga inda ya kwanta? Bakin ƙofa ya nuna. Hanyar Kiyawa.”

“Haba Gwaggo, daɓen ne ya gangara ta can. Ko ruwa aka zubar nan yake bi.”

“Rufe mini baki. Na yi kaɗi tun uwarki ba ta san hannun damanta ba, ban taɓa ganin yumɓun da aka ture ya ƙi faɗuwa ba. Miƙo nan.” Ta auna shi a hannu, ta kai kunne ta girgiza, ta shinshina. “Da walakin, goro a miya. Wannan nauyin ba na ƙasa ba ne. An binne wani abu a ciki.”

Na yi dariya, na karɓe abina. Amma maganar ta riga ta shiga.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun da na fara kaɗi da mazarin nan, sai na wayi gari ina tunanin mutumin da da ko kallo bai ishe ni ba. In na murza, sai in tuna yadda ya miƙo shi da hannu biyu. In na ji sallama a zaure, gabana ya faɗi. Ranar da bai zo ba har tuwo na bari ya kama. Ni Zinariya, mai bakin da samarin Garu ke tsoro! Zare kuwa sai tuli yake, siriri, mai laushi, irin wanda ban taɓa yi ba. Sai in zauna in tambayi kaina: son nan nawa ne, ko kuwa murza shi nake yi da yatsuna yana shiga jikina?

Larai dillaliya ce ta ƙara wa wutar itace. Ta zo ɗaukar zare bayan ta dawo daga kasuwar Shuwarin, ta zauna ta sha fura, Gwaggo ta kwance mata labari kaf. Larai ta dafe ƙirji.

“Biri ya yi kama da mutum! Ai maƙwabciyar uwarsa ta gaya mini, tun kaka yaron nan yake ɓuya a bayan ɗakin gashin tukwane, yana gina gululu yana fasawa. Fasassu sun yi tsibi. Kuma in zai gina, ba ya bari ko uwarsa ta tsaya a kansa. Wata rana ma an gan shi yana kuka a wurin.”

“Kuka?” na ce.

“Namiji da gemunsa. Ai irin wannan aikin sai da sharaɗi, 'yar nan. Wa ya san abin da aka ce ya yi?”

Ta kuma kawo mini saƙon Mika'ilu, goro fari guda a ganye, wai in ji shi a gaishe da mai mazari, yana tafe jibi da la'asar. Gwaggo ta fizge goron ta jefa wa akuya.

Jibin na fita zaure babu kwalliya, da mazarin a hannu. Na gaishe shi a daƙile, na ajiye shi tsakaninmu.

“Malam, tambaya gare ni. Me ya sa abin nan ba ya gajiya?”

Sai fuskarsa ta washe, mutumin da ba ya magana ya ɓalle kamar an kwance bakin buhu.

“Baturen da na yi wa aiki yana da keke, dokin ƙarfen nan mai ƙafa biyu. Ni ke wanke shi. Wata rana an cire ƙafar gaba za a gyara, na riƙe ta ta ƙarfen tsakiya da hannu biyu, wani ya murza ta. Zinariya, na yi in karkata ta, ta ƙi. Na sa ƙarfi, sai ta fizge ni gefe kamar mai rai. Da ta tsaya kuwa, ko yaro ya juya ta yadda ya so. Na yi ta tunani. Sai na lura tsakiyarta ba komai sai siraran ƙarafa, nauyinta duk yana can baki. Abin da nauyinsa ke baki yana da wuyar tayarwa, amma in ya tashi yana da wuyar tsayarwa. Gululunku nauyinsa a tsakiya yake, shi ya sa yake saurin mutuwa.”

“To leƙen da yake yi fa? In an ture shi ya riƙa zagaya kai?”

“Faɗuwa yake son yi, juyin ya hana shi. Sai faɗuwar ta zama zagaye. Ba ki ga katantanwar da yara ke murzawa ba? In ta kusa mutuwa haka take yi.”

Maganarsa ta shiga kunnena, don na sha ganin katantanwa. Har na fara jin kunya. Amma sai na tuna tsibin fasassun nan da kukan.

“Na ji. Yumɓu kaɗai ne a bakin nasa?”

Ya koma kallon yatsun ƙafarsa.

“Malam, da kai nake.”

“Akwai abin da ya ba shi nauyi,” ya ce, idonsa a ƙasa. “Yumɓu kan tsage in ya bushe a kansa, shi ya sa na yi ta fasawa kafin in dace.”

“Mene ne abin?”

“Ba abin cutarwa ba ne. Na rantse da Wanda ke busa numfashi.”

“Ban ce ka rantse ba, cewa na yi ka faɗa.”

“Zan gaya miki, amma ba yanzu ba. In kin zo ɗakina zan gaya miki. Ki dai riƙe shi da kyau, don Allah kada ki bari ya fashe.”

In na zo ɗakinsa! Wato bayan aiki ya gama ci. Na tashi na shige gida ko sallama ban yi masa ba, kuma ina shiga na yi karo da Gwaggo a bayan ƙyaure, ta ji komai.

Baffa ba mutum ne mai gaggawa ba. Ya saurari yayarsa har ta gama, ya saurare ni, ya daɗe yana shafa gemu.

“Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya,” ya ce. “Amma ba zan ba da 'yar ɗan'uwana a kan rufaffen abu ba. A kira yaron.”

Jiya da hantsi ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Baffa a kan buzunsa, Gwaggo a bakin ƙofar cikin gida ta ja mayafi, ni a gefenta. Mika'ilu ya tuɓe takalmi tun daga gindin dabino, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Mazarin na tsakiya, kusa da dutsen da muke danne ƙyaure da shi.

“Samari,” in ji Baffa, “magana ɗaya ce. Ka faɗi abin da ke cikin nan, a wuce wurin.”

“Baffa, a gafarce ni. Ba laya ba ce, ba asiri ba ne. Amma bakina ba zai iya faɗa a gaban mutane ba.”

“Kun ji ko!” Gwaggo ta tafa hannu. “Sharaɗin boka ke nan, in ya faɗa ya karye. Yarinya ta rame, ba ta ci ba ta sha, sai ambatonsa. Lado, in ba ka fasa ba ni zan fasa.”

“Yaya, ki yi haƙuri.” Baffa ya juya gare shi. “Ka san al'ada. Kayan toshi in aka fasa shi a gaban mai shi, an sallame shi ke nan. Ba na son in yi maka haka a kan zato. Amma in ka ƙi magana, ba ka bar mini wata hanya ba.”

Mika'ilu ya ɗago. Bai dubi Baffa ba, bai dubi Gwaggo ba, ni ya duba, karo na farko da ya taɓa kallona ido cikin ido.

“Nata ne, Baffa. Ita na ba. In ta yarda da ni, ta ɗauki abinta ta shiga gida, ni kuma in jira amsa daga wajenku, ko haske ko duhu. In ita ma tana zargina, to ta fasa da hannunta.”

Wayyo, 'yan'uwa. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Zuciyata tana cewa, ɗauki ki tafi, mutumin nan bai yi kama da mugu ba. Sai wata ta ce, to wace ce ke faɗin haka, ke ko abin da ke cikin gululun? In asiri ne, ai haka zai sa ki ji. Ta yaya zan zauna da mutum har tsufa ban san ko ni na zaɓe shi ba? Na ga gara in sani, ko me zai biyo baya.

Na matsa na zare sandar mazarin, na ajiye gululun a daɓe. Na ɗauki dutsen ƙyaure da hannu biyu. Ya runtse ido tun kafin in sauke.

Ƙwas!

Yumɓu ya tarwatse. Gwaggo ta ja da baya tana a'uziyya. Wani abu ja ya fito ya gangara a kan daɓe, ya yi 'yar rawa, ya kwanta a gaban buzun Baffa. Babu takarda, babu gashi, babu ƙulli. Munduwa ce ta tagulla, 'yar mitsitsiya, wadda yatsuna uku ba za su shiga ba. Irin wadda ake sa wa jariri a hannu.

Baffa ya ɗauka ya jujjuya, ya dubi Mika'ilu.

“Ta wace ce?”

“Ta Alheri ce,” ya ce. “'Yata.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa.

“Na yi aure a Kano, Baffa. Shekarar yunwa muka taso za mu gida, da ƙafa. Uwar ta rasu a hanya, nono ya riga ya ƙafe. Yarinyar ta ƙara kwana kaɗan a kafaɗata. Ni na haƙa, ni na binne, ban iso Kiyawa da komai ba sai wannan. Ko mahaifiyata ban iya gaya wa ba, na koma bakin aikina. Da na tashi yin gululun na nemi ƙarfen da kaurinsa ya yi daidai ta kowane gefe, don in gefe ɗaya ya fi nauyi mazari rawa zai yi ta yi. Ban samu ba sai ita.” Ya share fuska da hannun riga. “Kuma na ce a raina, yarinyar nan ba ta yi tafiya ba, ba ta yi wasa ba. Bari abinta ya riƙa juyi a hannun macen da nake so, maimakon ya yi ta kwana a aljihuna. Na san in na faɗa za a ce na kawo wa budurwa kayan mamaci.”

Gwaggo ma ta binne 'ya'ya biyu a shekarar yunwar nan, kowa ya sani. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” in ji Baffa. “Allah ya jiƙansu. Samari, da ka faɗa mini ni kaɗai.”

“Da na iya, Baffa.”

Ya miƙa hannu biyu, Baffa ya sa masa munduwar. Ya hure ƙurar yumɓun da ke jikinta, ya goge ta da bakin rigarsa a hankali, ya sa a aljihu. Ya durƙusa ya yi sallama da Baffa, ya yi da Gwaggo. Ni bai ce mini komai ba. Ya fita.

Ina durƙushe a wurin, dutsen na hannuna har yanzu. Na tsaya ina sauraron ƙirjina, ina jiran in ji abin ya sake ni, tunda ga gululu nan a warwatse. Bai sake ni ba. Yana nan daram inda yake, har ya fi na da ciwo. Ashe nawa ne. Tun farko nawa ne, babu wanda ya sa mini.

“Baffa,” na ce, hawaye na zuba, “ina son shi.”

“Kin fasa a gabansa, Zinariya,” ya ce a hankali. “Ba ni da bakin da zan kira shi ya dawo.”

Na yar da dutsen na miƙe. Ban nemi mayafi ba, ban nemi takalmi ba. Na tsallake tabarmar Baffa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na fita ƙofar gida. Ya riga ya wuce rijiya, ya kama gangaren da ke bi tsakanin duwatsu, mata masu ɗiban ruwa sun cika wurin. Kun san budurwa ba ta kama sunan mai nemanta, balle a gaban iyaye, balle a bainar jama'a. Na cika ƙirjina da iska.

“Mika'ilu!”

Guga ya kuɓuce wa wata ya faɗa rijiya. Duk suka juyo suna kallona, kaina babu ɗankwali, hannuna duk jar ƙasa.

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, hannunsa a kan aljihu. Bai juyo ba, amma bai ƙara ko taku ɗaya ba. Na sauka daga dakali na bi shi da ƙafata.